Ankon Jamilatu

Duk London ban san macen da ta kai Jamilatu yawan tufafi ba, ban kuma san wadda ta kai ta rashin abin sawa ba. Sif ɗinta ba ya rufuwa sai an danna shi da gwiwa. Ƙarƙashin gado akwatuna ne, saman sif jakunkuna, bayan ƙofa ma an rataye wasu. Amma in gari ya waye za ta tafi aiki, sai ta tsaya tana jujjuya kai kamar wadda gobara ta cinye wa kaya, daga ƙarshe ta zura tsohuwar rigar sanyin mijinta ta fita.

A cikin wannan rigar na fara ganinta, a tashar bas ta Aldwych, wata ranar hunturu ana yayyafi. Ni ina aiki a wani shagon wanki da guga kusa da Charing Cross, ita kuma tana zuba wa ɗalibai abinci a kicin ɗin wata jami'a da ke nan Aldwych. Na ga mace doguwa, kyakkyawa, hannun riga ya haɗiye mata yatsu, zif ɗin ya mutu an kama shi da fil. Sai na ji tana waya da Hausa, Hausar ma ta Zazzagawa. Na yi mata sallama, muka hau bas ɗaya, ashe unguwarmu ɗaya a bayan Old Kent Road. Tun daga ranar nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Fauziyya, in na ishe ta da magana ta ce mini uwar tsiwa.

'Yar Tudun Wadan Zariya ce. Ta biyo mijinta Maharazu ne, wanda ya zo karatu, karatun ya ƙare, komawa ta gagara, ya kama aikin gadi a wani ofishi. Mutum ne shiru-shiru, in ya ce kalma biyar a yini to ranar ya yi surutu. Lokacin da ta iso ba ta san kowa ba, kuma a shekarar ta haifi 'yarta Mufeeda, wadda har yau ita kaɗai Allah ya ba su. Labarin ranar sunan ta ba ni shi ya fi a ƙirga, kuma kullum kamar jiya aka yi.

"Fauziyya, tuwo na tuƙa, na yi miyar taushe, na soya kaji, da ɗanyen jegona," in ji ta. "Na jera kujeru har na aro na maƙwabta. Abokan Malam suka zo suka yi addu'a suka tafi aiki. Mace ko ɗaya ba ta tako ba. Na zauna da jaririya ina kallon ƙofa har tuwon ya sandare. A gida fa, ranar suna ba ka samun wurin taka ƙafa."

A ranar ta yi wa kanta alkawari. Duk ranar da Allah ya kawo auren yarinyar nan, sai ta ga zaure ya cika da mata, dukansu sanye da ankon da ita ta zaɓa, ta tsaya a tsakiyarsu kowa ya san ita ma tana da mutane. Wannan shi ne burin Jamilatu. Ba ta mafarkin gida a Abuja, ba ta mafarkin mota. Kala ɗaya take so ta gani a jikin mata, daga wannan bango zuwa wancan.

To, anko kuwa ba a ba ka shi kyauta. Wadda kika yi wa ita take yi miki. Da Jamilatu ta gano inda matan Hausawa suke taruwa, sai ta faɗa cikinsu da ƙafa biyu. Bikin 'yar likita, sunan jikan ma'aikacin ofishin jakadanci, walimar wadda ta dawo daga Makka, duk wanda aka fitar sai ta saya. Ko ba ta san amarya ba, in dai ta taɓa gaisawa da uwar amarya a masallaci, shi ke nan. In na yi magana ta ce, "Zumunci a ƙafa yake, Fauziyya. Shuka nake yi."

Kuma kada ki ɗauka Jamilatu almubazzara ce. Wallahi ban ga mai tattali irinta ba. Albashi na shigowa take kasa shi kashi-kashi: na haya, na cefane, na aikawa gida, sai ɗan abin da ya rage ta ce wannan na jikinta ne, ta jefa a asusu. Ba ta sayen shayi a waje. Ta san ranar da kowane kanti yake karya kuɗin kifi. In tafiyar ba ta da nisa takawa take yi, ta ce motsa jini ne. Amma duk wannan ƙoƙarin, asusun ba ya taɓa yin nauyi, domin da ya fara kumbura sai waya ta yi ƙara: an fitar da anko a guruf ɗin mata.

Da yadin kaɗai ne da sauƙi. Leshi ba ya tafiya shi kaɗai, sai da gwaggwaro, sai da takalmi da jaka mahaɗi, irin masu ƙyalƙyalin nan da in aka yi fita biyu da su suke fara saɓulewa. Ga ɗinki. Telolin London sun fi yadin tsada, don haka sai ta laluba matafiyi ta ba shi ya kai wa telanta na Zariya. Shi kuma bawan Allah yana nan riƙe da awon da ya yi mata tun tana amarya. Ta sha gaya masa ta waya cewa ta ƙara jiki, ya ce, "Na gane, Hajiya," ya sake yanko rigar 'yar shekara ashirin. Sau nawa na zauna a falonta ranar biki ina farke gefen riga da reza, ita tana tsaye tana riƙe numfashi?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, anko sau ɗaya ake sa shi. In kika maimaita, kina shiga taro za a ce, "Lah, wannan ba na bikin gidan wance ba ne?" Ba kuma za ki sa leshi mai duwatsu ki je ki tsaya gaban tukunyar miya a kicin ɗin jami'a ba. Haka kayan suke taruwa, sababbi fil, suna shan ƙamshin kafur a akwati.

Ni kuwa aikina ya buɗe mini ido. Kullum hannuna yana cikin tufafin matan da ke aiki a ofisoshin gwamnati na wajen Northumberland Avenue. Na lura da yawansu ba su da tarin kaya. Kwat ɗaya mai kyau mace za ta riƙa kawo mana duk shekara, mu wanke, ta ɗauka, ta sake dawowa da shi baɗi yana nan garau. Sai na ɗauki darasi. Ina da jakar fata guda ɗaya baƙa, takalmi baƙi mai ɗan tudu, agogo, ɗan kunnen zinare ƙarami, abaya biyu, da gyale uku marasa ado. Da su nake zuwa biki, da su nake zuwa ta'aziyya. An sha yi da ni, ana cewa Fauziyya mai baƙar jaka, ban kuma rame ba.

"Yaya, sayen na gari mai da kuɗi gida ne," nake ce mata. "Ki tsallake anko biyu kacal, ki sayi kwat na mutunci da jaka ɗaya ta fata. Za su kai ki shekara goma."

"Ke ba ki da 'ya mace," in ji ta. Da wannan take rufe mini baki kullum.

Sau ɗaya na kusa cin nasara. Wata Janairu, lokacin da kantuna suke karya farashi, na ja ta kamar akuya zuwa wani kanti a Strand. Akwai wani kwat na ulu, shuɗi mai duhu, dogo har ƙasan gwiwa. Ta cire ta Maharazu ta zura shi, ta tsaya gaban madubi. Kafaɗunta suka miƙe. Na rantse ban taɓa sanin Jamilatu tana da wuya mai kyau haka ba. Ta shafa aljihun, ta juya gefe, ta yi wani ɗan murmushi irin na 'yan mata. Kuɗin asusu na cikin jakarta, mun kama hanyar wurin biya, sai wayarta ta yi ƙara.

Hajiya Nimatu ce. Matar wani babban likita ce, ita ce uwar guruf ɗin mata, in ta yi tari sai an ce mata sannu daga Manchester. 'Ya'yanta mata uku, kuma ta riga ta aurar da ta fari da leshin da ya sa Jamilatu cin gari da ƙuli na wata guda. Yanzu ga hoton leshin ta biyu ya shigo. Na ga Jamilatu ta duba waya, ta duba kwat. Ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shi inda ta ɗauko, har da gyara masa kwala.

Muka hau bas, muka sauka a unguwarmu. Da ta ce mini sai da safe, na ce Allah ya ba Hajiya Nimatu lada, tunda ita ce za ta ji ɗumi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Mufeeda ta girma, ta gama karatun haɗa magunguna, ta samu aiki, ta kawo wani yaro mai hankali mai suna Shamsudeen, ɗan mutanen Gana da aka haifa a nan. Manya suka shiga magana aka sa rana. Yarinyar irin 'ya'yan nan ne da ake yi wa Hausa su mayar da Turanci, kuma tun farko ta ce ita ba ta son anko, kowa ya sa abin da yake da shi. Ina wurin. Jamilatu ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a bakin gado ta zuba wa akwatunanta ido. Mufeeda ta kalli uwarta, ta kalli akwatunan, ta sauke ajiyar zuciya.

"Okay, Mama. Ki yi," ta ce. Rabon da in ji Hausa a bakinta har na manta.

Ranar zaɓen anko tare muka tafi shagon Awabu a Old Kent Road. Awabu 'yar Kumasi ce, ta daɗe tana sayar da leshi da atamfa, kuma a bakinta mace da namiji duk "kai" ne. Rabin kayan da ke ɗakin Jamilatu daga hannunta suka fito. Tana ganinmu ta rangaɗa guɗa, ta fara sauke leshi daga kanta tana bazawa a kan tebur.

"Anti Jamila, yau ranan ka ne," in ji ta. "Shekara nawa kana saya na mutane? Ka ɗauki wanda in sun gani za su san ka isa."

Ta warware wani leshi ruwan zuma mai aikin zare, mai nauyi, irin wanda ko a duhu aka taɓa an san kuɗi ne. Jamilatu ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta tambayi kuɗinsa, aka faɗa mata. Na zaci za ta ce a naɗe. Sai na ga ta janye hannun a hankali.

"Fausia fa?" ta ce.

"Wace Fausia?" na tambaya.

"Mai aikin kula da tsofaffi, ta hawa na uku a gininmu. Yaranta uku, ba miji. Da su Maman Jamal da muke kicin tare. Ta ina za su fito da wannan?" Ta juyo ta dube ni. "Fauziyya, ni na san abin da ake ji in hoton nan ya shigo waya. Gabanka yana faɗuwa, yatsanka yana rubuta Allah ya sanya alheri. Ba zan zama ni ce sanadin faɗuwar gaban wata ba."

Ta wuce can ƙarshen shago ta zaro wata atamfa koriya mai ƙananan furanni farare. Kyakkyawa ce, ba ƙarya, amma mai sauƙin kuɗi ce, irin wadda kowa zai iya saya bai ji a jikinsa ba. Ta ce ba gwaggwaro, ba jaka, ba takalmi, kowa ya yanki ɗankwali daga jikin turminsa.

To, ga abin mamaki. Ni da na shekara ina zagin anko, ni ce na tsaya a shagon nan ina roƙon ta ta ɗauki mai tsadar. Ba don ina son leshi ba, don na san mutanen da take jira.

"Yaya, waɗanda kika yi wa leshi, leshi suke jira ki fitar," na ce. "Araha ba ta ado a wurin su Hajiya Nimatu. Ba za su ga tausayi ba, raini za su gani."

"Gaskiya ne ya faɗa," in ji Awabu. "Manyan nan ba su sa wannan ko a kitchen."

"Haba, ku ma dai," Jamilatu ta ce tana dariya. "Wanda ya iya sayen mai tsada, mai araha zai gagare shi? Ai sauƙi na yi wa kowa. Za ku gani, har waɗanda ba su taɓa yin anko ba za su yi."

Ta sa Awabu ta yi odar turame da yawa, don a lissafinta duk wadda ta taɓa yi wa za ta rama. Da yamma ta tura hoton a guruf, ta kifa wayar a cinyarta tana jira kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Guruf ɗin da in Hajiya Nimatu ta tura leshi yake kacamewa kafin ki ƙifta ido, ranar tsit ya yi. Can wata ta rubuta Masha Allah. Wata ta turo hoton fure. Kashegari uzurori suka fara shigowa ta bayan fage. Wannan ta ce ta riga ta yi booking ɗin tafiya Dubai, ba ta da tabbas. Waccan ta ce telanta ba ya karɓar aiki yanzu. Hajiya Nimatu kuwa saƙon murya ta turo, Jamilatu ta kunna mini.

"Maman Mufeeda, Allah ya sanya alheri. Kin san jikina sensitive ne, irin wannan atamfar ƙaiƙayi take sa ni. Amma in sha Allahu za mu zo, ai bikinmu ne."

"Kin ji, za su zo," in ji Jamilatu.

"Na ji ƙaiƙayi," na ce.

Awabu ce ta kawo mana sauran labarin, don shagonta kunnen unguwa ne. Wai an zauna an ce Maman Mufeeda ta raina mutane, ta ɗauke su matsiyata. Wai ko a ƙauye an daina fitar da irin wannan. Wata ma cewa ta yi da ma can ta san abin da hannun mai zuba abinci zai iya kaiwa ke nan. Jamilatu ta saurara har ƙarshe, ta ce mutane da ƙarin gishiri, ba ta yarda Hajiya za ta faɗi haka ba. Amma na lura daga ranar ta daina kunna saƙonni a gabana.

Waɗanda ta tuna da su a shago kuwa, su ba su ba ta kunya ba. Fausia ce ta fara saya. Matan kicin ɗin jami'a suka saya, har da wadda ba Bahaushiya ba. Maƙwabta suka saya, dangin ango na Gana suka ɗauki nasu, su da suke ce masa yayi. Ni ma na karya dokata na yi anko karo na farko tun zuwana ƙasar nan, ina ɗinkawa ina mita. Sauran turamen suna nan jibge a shagon Awabu, ta ce kada a damu, za ta sayar a hankali.

A matsayinta na uwar amarya, Jamilatu tana da leshinta daban da Mufeeda ta saya mata, aka ɗinka a nan London daidai jikinta. Ranar yinin biki da safe na je taya ta shiri, na tarar leshin yana shimfiɗe a gado, ita kuma tana ɗaura koriyar atamfa.

"Yaya, mene ne haka?"

"Ba zan sa mutane su sa abin da ni na fi ƙarfin sawa ba," ta ce. "In su Hajiya suka gan shi a jikina za su san ba raini ba ne."

Na yi magiya, na yi faɗa, na kira Maharazu ya sa baki. Ya leƙo ya ce duk wanda ta sa ya yi kyau, ya koma. Ranar na ji kamar in shaƙe shi.

An kama wani babban zaure a bayan Old Kent Road, wanda da can ma'ajiyar kaya ne. Bayan azahar mata suka fara shigowa. Mu masu koriya mu muka riga kowa, kuma kin san halin matan da suka saba da aiki: ba sa iya zama suna kallon kula a ƙasa. Da ma al'ada ce ƙawayen uwar amarya su kama mata hidima. Kafin a ce haka, Fausia ta ɗaure gyale a ƙugu tana zuba shinkafa, matan kicin sun jera faranti, wasu suna jan katan ɗin lemo. Ba wanda ya sa mu, mu muka ga ya dace.

Sai ga su Hajiya Nimatu. Ina riƙe da tire na gan su, na kusa sakin sa. Ashe sun fitar da nasu ankon a tsakaninsu ba tare da sun gaya wa kowa ba: leshi ruwan gwal, gwaggwaro iri ɗaya, jaka da takalmi iri ɗaya. Suka shigo a jere suna ƙamshi, suka wuce kai tsaye teburan gaba suka mamaye. Duk matan da Jamilatu ta yi wa anko shekara da shekaru suna cikinsu, ba wadda ta yi ƙaiƙayi. Wanda ya leƙo daga ƙofa abin da zai gani a fili yake: masu ruwan gwal a zaune, masu kore a tsaye da faranti.

Na nemi Jamilatu da ido. Ta gan su. Ta ɗan tsaya, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ci gaba da zagaya tebura tana yi wa baƙi sannu da zuwa. Ta fara daga baya, tana matsowa gaba, har ta iso kusa da teburin Hajiya Nimatu. Wata tsohuwa daga dangin ango ta riƙe ta da gaisuwa, don haka bayanta ne yake wajen Hajiya.

Hajiya tana hira da ta kusa da ita, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta ja gefen zanin da ta ga yana kusa.

"Ke, baiwar Allah, ruwan teburin nan ya ƙare. A kawo mana, da tissue."

Ina tsaye taku kaɗan daga wurin, na ji da kunnena. Jamilatu ta daskare. Na buɗe baki, kuma Allah ya sani abin da ke kan harshena ba na cikin taro ba ne, sai ta ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ta juyo ba. Ta tafi kicin, ta ɗauko robobin ruwa a tire, ta dawo ta jera su a gaban kowacce. Sai da ta ajiye na ƙarshe Hajiya ta ɗago.

"Au! Maman Mufeeda, ke ce? Wallahi ban gane ki ba, duk kun zama ɗaya."

"Ni ce, Hajiya," in ji Jamilatu. "Sannunku da zuwa. Na gode da kuka samu dama."

Na bi ta kicin. Na rufe ƙofa na fara. Na ce 'ya'ya uku Hajiya ta aurar, uku kika yi mata leshi. Na ce ki bar ni in je in gaya mata wadda ta aika ɗebo ruwa, in ya so a kore ni daga London. Na ce abubuwa da yawa, wasu ma ba zan maimaita ba. Ita kuwa tana tsaye gaban famfo ta ba ni baya, ta kunna ruwa tana wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

"Ya isa, uwar tsiwa," ta ce. "Baƙina ne. Bikin 'yata ne."

Ta kashe famfon, ta dafa bakin wurin wanke-wanken da hannu biyu.

"Fauziyya, leƙa mini. Ya cika?"

Na buɗe ƙofa kaɗan na leƙa. Kiɗa yana tashi, Mufeeda tana can a kujerar amare tana dariya da ƙawayenta. Ba kujera ko ɗaya da ba mutum. Daga gaba har tsakiya ruwan gwal ne yake ƙyalli, korenmu kuwa sai ɗaiɗai, suna ratsawa tsakanin tebura da tire a hannu.

"Ya cika, Yaya," na ce.

Ta gyaɗa kai. Hawaye suna sauka a kan atamfar, ba ta ko share su ba sai da suka gama zuba don kansu. Sannan ta kama bakin ɗankwali ta goge fuska, ta ja numfashi, ta duba faranti da ke jere a kan tebur.

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Ɗauki wancan, ni in ɗauki wannan. Teburin baya ba su samu nama ba."